"Na Bar Maka": Yadda Ake Cin Abinci A Gidan Gwanin Sushi Na Ƙasar Japan

A birnin Tokiyo, babban birnin ƙasar Japan, akwai waɗansu gidajen abinci da mutum kan shiga ya zauna, ba a miƙo masa takardar jerin abinci, ba a kuma tambayarsa abin da ransa ke marmari. Kalma ɗaya kurum ake jira daga bakinsa, watau omakase, ma'anarta da Hausa "na bar maka." Da ya faɗe ta, zaɓi ya fita daga hannunsa. Abin da gwanin ya ajiye a gabansa shi zai ci, loma bayan loma, har a ce masa an gama. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu wannan al'ada, domin yanzu ta bazu har Landan da New York, kuma akwai abin lura a cikinta ga duk mai sana'a, balle mai koyarwa.

Da fari dai, mene ne sushi? Galibin mutanenmu da sun ji sunan sai su ce ɗanyen kifi, su kau da kai. To, abincin wani gubar wani, amma maganar ba ta cika ba. Sushi shinkafa ce dafaffiya da aka yayyafa wa ruwan tsami da gishiri, wani lokaci da ɗan sukari, a dunƙule ta kamar tsawon yatsa biyu, sa'an nan a ɗora mata yankan kifi. Asalinsa dabara ce ta ajiye kifi kada ya lalace, yadda masuntan Tafkin Chadi suke yin banda. A zamanin dā akan gishirta kifi, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa watanni, shinkafar ta yi tsami ta hana shi ruɓewa. Har yau ana yin irin wannan a gefen Tafkin Biwa, kuma warinsa ba ya da nisa da na daddawa.

Irin wanda ake ci yanzu kuwa ɗan birni ne. Ana danganta shi ga wani mutum mai suna Hanaya Yohei, wanda ya yi sana'arsa a birnin Edo wajen shekarun 1820. Edo shi ne aka mayar Tokiyo a 1868. A wancan zamani abincin 'yan ƙwadago ne, ana sayarwa a rumfunan bakin hanya, a ci a tsaye a wuce, kusan yadda muke tsayawa wurin mai tsire. Lomar ma ta ninka ta yau girma. Da yake babu firiji, dole mai rumfa ya san yadda zai sarrafa kifin da aka kamo daga gaɓar tekun birnin: wani a jiƙa shi cikin miyar waken soya, wani a gishirta a tsoma cikin ruwan tsami, wani a dafa. Wannan aiki shi ne tushen gwanintar da ake biya da tsada yau. Girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a 1923 ta watsa masu sana'ar zuwa sauran garuruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, da hukuma ta rufe gidajen abinci saboda ƙarancin hatsi, masu sushi suka samo mafita: mutum ya zo da awon shinkafarsa, kimanin giram 150, ya biya ladan aiki, a ba shi loma 10. A 1958 wani mai suna Shiraishi Yoshiaki ya buɗe shago a yankin Osaka inda faranti ke zagayawa a kan bel, kowa ya miƙa hannu ya ɗauki abin da ya ga dama. Daga nan hanya ta rabu biyu, sushin talaka mai araha da sushin gwani mai tsada. Na biyun muke magana a kai.

Ɗakin da kansa ba ya nuna dukiya. Sau da yawa kujeru 8 ne ko 10, an jera su gaban wata doguwar kanta ta katakon hinoki, fari sol, ba fenti, ana goge shi kullum. Bayan kantar ga gwanin a tsaye da fararen kaya da doguwar wuƙarsa, yaransa na bayansa shiru. Ba ya aika abinci daga wani ɗakin girki da ba a gani. Kome a kan idon baƙo yake yi. Ya jiƙa hannu, ya ɗebo shinkafa, ya shafa wa yankan kifi ɗan wasabi, watau wata saiwa mai yaji da ke hawa hanci, wadda ake nomawa a ƙoramun duwatsu na Shizuoka da Nagano, a kuma goga ta a kan fatar kifin shak. Ya haɗa su da matsa biyu ko uku, ya shafa miya da ɗan burushi, ya ajiye. Ana so shinkafar ta kasance da ɗumi irin na jikin mutum, a matse ta yadda ba za ta wargaje a hannu ba, amma ta watse da zarar ta shiga baki. Saboda haka ba a barin loma ta jira. Baƙon da ya tsaya hira ko ɗaukar hoto, gwanin ba zai ce masa kome ba, amma fa ya gani.

Wani abin da zai yi wa Bahaushe daɗi shi ne da hannu ma ana ci, ba abin kunya ba ne. Abin da ba a so shi ne ƙara miya a kan wadda gwani ya shafa, ko ɓare kifi daga shinkafa, ko zuwa da turare mai ƙarfi, don ƙamshinsa kan rufe na kifin ga duk wanda ke ɗakin. Wannan na ƙarshe mun san zai yi wa waɗansu manyanmu wuya. Tsakanin loma da loma akan ɗan tauna yankan citta mai tsami don wanke baki, a kurɓi koren shayi.

Jerin lomomin ma da tsari. Akan fara da farin kifi marar kitse, don harshe bai gaji ba tukuna. Sa'an nan kifin tuna, sau da yawa kashi uku: jan tsoka, da mai matsakaicin kitse, da na ciki mai narkewa kamar man shanu. Sai kohada, wani ɗan ƙaramin kifi mai sheƙi da ake gishirtawa a jiƙa da ruwan tsami. Masana kan ce da shi ake auna gwani, domin ba shi da tsada a kasuwa, daɗinsa duka daga hannun mai yi yake fitowa. In gishiri ya wuce kima kaɗan ya ɓaci, kuma kimar tana sauyawa da girman kifin da lokacin shekara. Bayansa jatan lande, da anago, wani dogon kifin teku mai kama da maciji wanda ake dafawa har ya yi laushi. A rufe da wainar ƙwai mai zaƙi. Abin da za a kawo yau ba lalle ne a kawo shi gobe ba, sai abin da kasuwa ta bayar da asuba. Kuma gwani na ƙwarai yana karanta baƙonsa: in ya ga tsoho ya rage masa shinkafa, in ya ga mai amfani da hannun hagu ya juya masa lomar.

Musulmin da tafiya ta kai shi can ya kamata ya san abu guda. Miyar da ake shafawa galibi ana dafa ta da giyar shinkafa, waɗansu gidaje kuma ruwan tsaminsu daga dusar giyar ake yin sa. Sai a yi magana tun lokacin neman wuri, ba bayan an zauna ba. In an tashi, akan miƙo 'yar takarda da adadi guda ɗaya a jiki. Ba a ba da tukwici a Japan.

To, me ya sa mutum mai hankali zai miƙa cikinsa da aljihunsa haka? Ai ɗanyen kifi ba abin wasa ba ne, akwai tsutsar da kan zauna cikin namansa ta sa wa mutum ciwon ciki mai tsanani. Shi ya sa Japanawa ba su saba cin kifin salmon ɗanye ba, sai da mutanen Norwe suka tallata musu na kiwo tun daga shekarun 1980, kuma har yanzu yawancin tsofaffin gwanaye ba sa ajiye shi. Abin da baƙo ke dogara da shi shi ne shekarun da mai gida ya yi yana koyo. Masu sana'ar suna da wata magana, wai shekara 3 a kan dafa shinkafa, shekara 8 a kan dunƙula ta.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne Ono Jiro, haifaffen 1925. Ya buɗe shagonsa, Sukiyabashi Jiro, a 1965, a ƙarƙashin wani gini kusa da tashar jirgin ƙasa ta unguwar Ginza, kujeru 10 kacal. A 2007 littafin Michelin na Faransa, mai auna gidajen abinci, ya ba shi taurari 3, watau matuƙar daraja. A 2011 aka yi fim a kansa, duniya ta ga yadda yake horon yaransa. Sabon yaro da matse tawul mai zafi yake farawa. Akwai wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira tako, wadda Japan kan sayo da yawa daga Mauritaniya da Maroko. A shagon Jiro yaro kan yi minti 40 zuwa 50 yana murza ta da hannu don ta yi laushi. Wani yaronsa, Nakazawa Daisuke, ya ba da labarin cewa sai da ya toya wainar ƙwai wajen sau 200 ana ƙi, ranar da aka karɓa kuwa ya fashe da kuka. Ya buɗe nasa shagon a New York a 2013. A lokacin fim ɗin, loma wajen 20 a shagon Jiro yen 30,000 ne, fiye da dalar Amurka 300, kuma cikin rabin sa'a an sallami mutum. A watan Afrilu na 2014 Firayim Minista Abe ya kai Shugaba Obama can. A 2019 Michelin ta cire shagon daga littafinta, ba don abinci ya ɓaci ba, sai don ya daina karɓar neman wuri daga gama-garin jama'a.

Amma ba kowa ya yarda da wannan dogon horo ba, kuma a nan ne muke so malaman makaranta su kasa kunne. A 2015 wani ɗan kasuwa mai kaifin baki, Horie Takafumi, ya tayar da ƙura da ya ce shafe shekaru ana koyon sushi wauta ce. Kusan lokacin ne kuma wani shago a Osaka, wanda masu aikinsa kwas na wata 3 kurum suka yi, ya shiga littafin Michelin cikin sahun gidaje masu kyau da rangwamen farashi. A ganinmu kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Tsohuwar hanyar tana da ɓarna: mai gida ba ya bayani, sai dai yaro ya saci sana'a da ido, ga aiki tun asuba har dare, ga lada kaɗan, kuma an daɗe ana hana mata shiga da hujjar wai hannunsu ya cika ɗumi, hujjar da ba ta da tushe. Yanka da dunƙulawa, makaranta na iya koyar da su cikin watanni, in an tsara darasi. Abin da ba mu ga yadda za a koyar a aji ba shi ne sanin kifi a kowane lokaci na shekara, da amincin da ke tsakanin gwani da dillalinsa. Don kuwa shi ma gwanin omakase yake yi: dillalin tuna ne ke zaɓa masa, ya ɓoye masa mafi kyau, saboda cinikin shekara da shekaru.

Kasuwar da aka daɗe ana wannan ciniki ita ce Tsukiji, wadda aka buɗe a 1935, aka kuma mayar da ita Toyosu a watan Oktoba na 2018. Abin mamaki, kitsen cikin tuna da ake rububi yau, mutanen Edo zubarwa suke yi, har suna cewa kyanwa ma tsallake shi take yi, don yana saurin lalacewa. Firiji da jirgin sama suka ɗaga darajarsa. A 1972 aka fara kawo tuna daga gaɓar Kanada zuwa Tokiyo ta sama. A gwanjon farko na shekarar 2019 wani mai gidajen sushi, Kimura Kiyoshi, ya sayi kifi guda mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333.6, fiye da dala miliyan 3. Wannan kam talla ce, ba farashin kullum ba.

Teku ce ta biya kuɗin wannan marmari. Masana sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 2010 manyan tuna masu haihuwa a Tekun Fasifik sun ragu zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na yadda za su kasance da ba a kamun su. Jami'ar Kindai ta yi nasarar kiwonsa daga ƙwai har ya haihu a 2002, bayan fiye da shekara 30 ana gwaji, amma manyan gwanaye sun fi son na teku. Dole ƙasashe suka sa doka, aka rage kamun ƙanana ƙwarai. Ƙiyasin da aka fitar a 2024 ya nuna adadin ya farfaɗo ya haura kashi 20 cikin 100, nan da nan kuwa, a ƙarshen wannan shekara, aka yarda a ƙara wa masunta kason manyan kifi da rabi daga 2025.