Gargaɗi ga Jama'ar Kontagora: Kumfar Fitsari Ba Abin Wasa Ba Ce

Jama'ar Kontagora da Mariga da Rijau da Magama, don Allah kowa ya dubi fitsarinsa gobe da safe. Idan yana yin kumfa mai kauri kamar an zuba omo, kumfar ba ta bajewa da wuri, kuma kwana da kwanaki haka yake, kada a jira. Haka in fuska tana kumbura da safe, ko ƙafafu da yamma. A tafi asibiti a auna.

Ga dalili. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan ɗaya. Kowace matata dunƙule ce ta siraran jijiyoyin jini, wasu ƙwayoyin halitta sun lulluɓe ta, likitoci na kiransu fodosait, wato masu ƙafafu. Kowace ƙwaya takan miƙa 'yan yatsu ta sarƙe da na maƙwabciyarta, kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa biyu, a bar 'yar kafa a tsakani. Rariyar ke nan. Ta nan ruwa da dattin jini ke wucewa, kusan lita 180 kullum, jiki ya sake tsotse mafi yawa, a fitar da kamar lita ɗaya da rabi. Furotin kuwa, wanda jini ke buƙata, an tare shi. Idan rariyar ta ɓarke sai ya zube cikin fitsari, shi ne kumfar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, waɗannan ƙwayoyi ba sa hayayyafa. Fata in ta yanke takan haɗe. Su kuwa in ɗaya ta mutu ko ta ɓantare, ta tafi. Maƙwabtanta su miƙe su rufe gurbin, har ya fi ƙarfinsu, wurin ya zama tabo, matatar ta daina aiki. Sai nauyi ya koma kan sauran, su ma su bi sahu. Duk wannan babu zafi. Mutum yana noman masararsa, yana cin kasuwarsa, ƙoda tana ƙarewa shekara da shekaru.

Manyan masu wannan ɓarna su ne hawan jini da ciwon suga da aka bari ba magani. Sai abin da muke jawo wa kanmu. Manomi ko ɗan acaɓa ya wuni cikin zafin bazara bai sha isasshen ruwa ba, da dare ya sayi haɗin maganin ciwon jiki mai dikilofenak ko ibufurofen, kullum haka. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda a daidai lokacin da take cikin ƙishi. Akwai jiƙe-jiƙen kan titi da babu wanda ya san abin da ke ciki. Mata kuma, wasu mayukan bilicin suna ɗauke da zaiba, kuma zaiba takan lalata rariyar nan.

Akwai kuma gado. A 2010 masana suka gano wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje su ta uwa da ta uba ya fi shiga haɗarin lalacewar ƙoda. Don haka gidan da aka taɓa rasa wani da ciwon ƙoda, kowa ya je a duba shi.

Idan ƙoda ta mutu, abin da ya rage wankin ƙoda ne, sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama, ko dashe. Gida nawa a cikinmu zai iya wannan ɗawainiya?

Awon fitsari da na hawan jini da na suga ba su da tsada, kuma in an gano ciwon da wuri akwai magungunan da ke rage zubar furotin. Limamai su faɗa a masallacin Juma'a, masu unguwanni su faɗa a ƙofar gida. Kai da ka karanta wannan, ka ɗauki mahaifinka da mahaifiyarka ku je Babban Asibitin Kontagora ko asibiti mafi kusa cikin makon nan.