Ajiyar mota kafin doguwar tafiya: abin lura ga mutanen Tsarnawa da kewaye

Garin Tsarnawa yana bisa mararraba. Nan ne hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Birnin Ƙwanni, ta nufi Madawa da Maraɗi. Dare da rana motoci ba su yankewa: na albasa, na siminti daga Malbaza, na fasinja masu zuwa Badagishiri da Illela. Don haka mutanen wurin sun san halin mota in tana tafiya. Halinta in ta tsaya shi ne da yawa ba su bincika ba.

Alhali kuwa tsayawar ba ta da wuyar samuwa. Bayan girbi magidanta da samarin jahar Tawa suna fita cin rani zuwa Abijan, ko Legas, ko Aljeriya da Libiya, wasu sai damina ta kusa su komo. Alhaji yakan yi wata guda ko fiye a Makka. Ma'aikaci ana tura shi ƙaro ilimi wata shida. Wani lokaci ma ba mai motar ne ke tafiya ba, hanyar ce ke rufewa: Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, an kuma sake rufe ta daga 2023 zuwa Maris na 2024, motocin fatauci da dama suka zauna ba aiki. A gidaje da yawa wannan mota ita ce jari, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti tsakar dare. In ta lalace a tsaye, guzurin da aka wahala aka samo a waje yakan ƙare wajen bakanike.

Abin da ke fara mutuwa shi ne batir. Batirin ƙaramar mota, in ya cika, yana nuna bolt 12,6 ko kusa da haka. Ko ba a taɓa shi ba, wutarsa tana zurarewa kaɗan kaɗan, zafi kuma yana gaggauta zurarewar. A nan kuwa cikin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Agogon mota da rediyo su ma suna tsotsa ko an cire mabuɗi. Batirin da ya daɗe ba wuta yana yin wani ɓawo a farantansa na ciki, daga nan ba ya ƙara riƙe caji kamar da. Maganin ba ya cin ko dala: a kwance wayar da ke da alamar ragewa tukuna, sannan ɗayar. In tafiyar ta wuce wata biyu, a ciro batirin, a cika shi, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da wuta, a riƙa kai shi caji sau ɗaya a wata.

A nan ne ya kamata a yi magana kan wata al'ada da ta bazu. Mai gida yakan bar mabuɗi hannun ƙane ko ɗa, ya ce kowace safiya a tada injin minti biyar don kada ya yi sanyi. Niyyar mai kyau ce, amma aikin ɓarna ne. Wutar da tayarwa ta ci, minti biyar ba su mayar da ita. Injin kuma bai kai ga yin zafin da zai kori tururin ruwa ba, sai ruwan ya taru cikin baƙin mai da cikin salansa, tsatsa ta soma aiki. Ɗaya cikin biyu za a zaɓa. Ko dai a samu direba na ƙwarai ya tuƙa ta rabin awa bisa kwalta duk mako biyu, misali zuwa Malbaza da dawowa, ko kuwa a ƙyale ta sam. Balle ma an san yaro da mabuɗi: minti biyar na safiya ba su daɗewa su zama yawon biki, motar kuwa wataƙila inshorarta ta ƙare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako guda a yi juyen baƙin mai, domin tsohon mai yana ɗauke da datti da tsami masu cin ƙarfe in sun kwanta. A cika tanki, saboda tankin da ke rabi yana tara raɓa cikin damina, ruwan ya sauka ƙasa ya ci shi. Gwamma man gidan mai bisa na kwalabe da ake sayarwa bakin hanya, wanda ba a san kwanansa ko abin da aka gauraya masa ba. Fetur dai in ya yi watanni yana rasa ƙarfi, ya bar danƙo mai toshe kafireto. Shi ya sa mai babur zai rufe famfon mai, ya bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Lagireto kuma kada a bar shi da ruwan rijiya. Ƙasar nan mai farin dutse ce, wanda da shi masana'antar Malbaza ke yin siminti tun shekarun 1960, ruwan da ya ratsa irinsa kuwa yakan bar farin ɓawo cikin bututu. A zuba ruwan sanyaya injin da ake sayarwa musamman.

Tayoyi ana ƙara musu iska kaɗan bisa awon da aka saba, a kare su daga rana da buhu ko kwali. In tafiyar ta shekara ce, a ɗaga motar da jak a dasa ta bisa abu mai ƙarfi. In gungume ne, a tuna da gara. Birkin hannu ba a barinsa a ja, don danshi yana manne shi. A sa giya, a tokare ƙafafu da duwatsu.

Zaɓen wuri yana bukatar a duba lokacin komowa, ba na tafiya kaɗai ba. A 2024 da 2025 aikin hajji ya faɗo cikin watan Yuni: alhaji ya bar gida cikin zafi, ya tarar da ruwa ya sauka. Inuwar bedi mai daɗi a bazara ita ce ke jefo reshe ranar iskar hadari. Katangar ƙasa tana faɗuwa cikin Agusta, kuma ambaliyar 2024 ta nuna wa jahar Tawa abin da kwari ke yi. A nemi tudu, a yi rumfa mai ƙarfi. Tamfol na leda ba abin dogara ba ne: yana riƙe danshi a damina, a hunturu kuma iska na kaɗa shi bisa ƙura har ya goge fenti.

Sai ɓera. Motar da ta yi jigilar gero da wake ba ta rasa ƙwaya ƙarƙashin kujeru, kuma ɓeran da ya shigo don ƙwaya yakan zauna ya gaigaye wayoyin wuta, gyaran da ya fi kowane ɗaure kai. A share ta ƙal, a wanke, a toshe bakin salansa da mashigar iska da tsumma, wanda zai hana zanzaro gini ma, a rubuta takarda a manna bisa sitiyari don tunawa da cire shi. Kada a jingina buhunan hatsi ko harawa kusa. Ƙofofi kuwa a kulle su duka, har da but. Motar da ke tsaye ɗakin wasa ce ga yara, kuma yaron da ƙofa ta rufe da shi da tsakar rana, zafin ciki na iya halaka shi kafin a farga.

Mabuɗi da takardu a damƙa su hannun mutum ɗaya, babba, gaban shaida, a faɗa masa sarai ko an yarda da aro ko ba a yarda ba, don zumunta da yawa sun ɓaci kan wannan.

Ranar komowa kada murna ta sa a murɗa mabuɗi nan take. A buɗe gaban mota da sanda a hannu, saboda maciji da kunama. A cire tsummokin, a dubi wayoyi da mai da ruwa, a mayar da batir, wannan karon wayar ragewa daga ƙarshe. A bar injin ya yi zafi a hankali, a gwada birki cikin unguwa, a dubi ranar ƙarewar inshora, sannan a hau kwalta.