Hutu A Jirgin Ruwa: Riba Da Hasarar Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Auna

Har zuwa farkon shekarun 1970, ɗan Nijeriya mai niyyar zuwa Ingila yana iya hawa jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster daga tashar Apapa a Legas, ya yi kimanin mako biyu a kan teku kafin ya sauka. Jirgin sama ne ya kashe wannan ciniki a ko'ina cikin duniya, kuma Aureol ya daina wannan zirga-zirga a 1974. To amma manyan jiragen ruwa na fasinja ba su mutu ba. Masu su sun sake haja ne kawai: maimakon su sayar wa mutum da tafiya daga wani gari zuwa wani, sai suka koma sayar masa da zaman cikin jirgin kansa, a yawata da shi ƙasa-ƙasa na tsawon mako guda ko fiye, sannan a dawo da shi inda aka ɗauke shi.

Wannan sana'a ta bunƙasa ƙwarai. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa ta duniya, wato CLIA, sun nuna cewa mutum miliyan 29.7 ne suka yi irin wannan hutu a 2019, adadin kuma ya kai miliyan 31.7 a 2023. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,300. Ga ɗan kasuwar da ke tunanin kai iyalinsa irin wannan hutu, tambayar ita ce ko kuɗin da zai zuba ya yi daidai da abin da zai samu.

Babbar fa'idar wannan hutu ita ce sauƙi. Da tikiti ɗaya mutum ya biya kuɗin ɗaki, da abinci dare da rana, da sufuri tsakanin garuruwa, da yawancin wasannin nishaɗi. Wanda ya hau jirgi a Barcelona ta ƙasar Sifen zai iya kwana a teku ya wayi gari a Faransa, kashegari kuma a Italiya, ba tare da ya ɗaure kaya ya kwance ba, ba ya neman otel, ba ya cinikin motar haya. Wanda ya taɓa jan mata da yara da tsofaffi daga wannan filin jirgin sama zuwa wancan ya san darajar wannan sauƙi. Har ila yau, idan aka raba kuɗin tikitin ƙaramin ɗaki bisa kwanaki, sau da yawa yakan gaza kuɗin otel da abinci a manyan biranen Turai a lokacin bazara.

Akwai kuma wata fa'ida ta musamman ga Musulmi. A da, matsalar giya da caca da rashin tabbacin abincin halal kan hana da yawa shiga waɗannan jirage. A watan Disambar 2024 kamfanin Aroya na ƙasar Saudiyya ya fara jigila daga Jidda a Bahar Maliya, da jirgin da ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, an kuma tanadi wuraren salla. A nahiyar Afirka ma, kamfanin MSC ya daɗe yana tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik a watannin zafi na can, tafiyar da ba ta wuce 'yan kwanaki.

Sai dai kuma, kamar yadda Bahaushe ke cewa, araha ba ta ado. Mai son fahimtar wannan sana'a sai ya duba littafin kuɗin kamfanonin. A shekarar kuɗi ta 2023 kamfanin Carnival, wanda ya fi kowane girma a duniya, ya sami kimanin dala miliyan dubu 21.6. Daga ciki, wajen miliyan dubu 14 ne suka fito daga tikiti, sauran kimanin miliyan dubu 7.5 kuwa mafi yawansu kuɗin da fasinjoji suka kashe ne bayan sun shiga jirgi. Ma'ana, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar kamfanin ba ya cikin farashin da ake tallatawa. Jirgi zai ƙona mai ya kuma biya ma'aikata ko ɗakunansa sun cika ko ba su cika ba, saboda haka ya fi wa kamfani riba ya rage kuɗin tikiti ya cika jirgin, sannan ya mai da kuɗinsa a ciki, inda babu wani ɗan kasuwa da ke gasa da shi.

Hanyoyin mai da kuɗin suna da yawa. Lemon kwalba, da intanet, da wanki, da hotuna, da wasu gidajen abinci na musamman, da yawon gari idan an tsaya a tasha, kowanne da kuɗinsa daban. Manyan kamfanonin Amurka kuma sukan ɗora wa kowane fasinja tukuicin ma'aikata na kimanin dala 16 zuwa 20 a kowace rana, a rubuta masa a asusunsa ko bai nema ba. Idan aka ɗauki dala 18, iyali mai mutum huɗu zai biya dala 504 a kwana bakwai kafin ya sayi ko da lemo ɗaya. Bugu da ƙari, farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Wanda ya tafi shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu.

Ga ɗan Nijeriya, lissafin ya fi haka nauyi, domin duk waɗannan kuɗaɗe da dala ko yuro ake biyan su. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Sannan ga kuɗin jirgin sama zuwa tashar da za a tashi, wanda wani lokaci yakan fi kuɗin hutun kansa, da kwanan otel na dare ɗaya don gudun kada jirgin ruwa ya tafi ya bar mutum. Sai batun biza. Jirgin da ya tashi daga Italiya ya leƙa Turkiyya ko Tunisiya ya dawo ya fita daga yankin Schengen ya sake shiga ke nan, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Wanda aka hana shi hawa jirgi saboda rashin cikar takardu, bisa ƙa'idar yawancin kamfanonin, ba a mai da masa da kuɗinsa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Jirgi kan tsaya a gari daga safe zuwa yamma ne kawai, kuma ba ya jiran wanda ya makara. Ɗan kasuwar da ke fatan haɗa hutu da ganin masana'anta ko ƙulla ciniki zai tarar sa'o'in ba su isa ba. Kamfani kuma yana da ikon sauya hanya ba tare da biyan diyya ba, kamar yadda aka gani lokacin da hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya, tun daga ƙarshen 2023, suka sa kamfanoni da dama soke tafiye-tafiyensu ta wannan hanya.

Haɗarin nutsewa kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan matafiya, ko da yake ba a manta da jirgin Costa Concordia ba, wanda ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Abin da ya fi yawa shi ne cuta, domin dubban mutane a wuri guda, suna ci a ɗaki guda, ba su da wuyar ɗaukar amai da gudawa daga juna. A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Likitan jirgi ba kyauta yake duba mara lafiya ba, kwashe mutum daga teku zuwa asibiti kuwa kuɗi ne mai yawa ga wanda ba shi da inshora.

Idan rigima ta taso, fasinja ne a ƙasa. Yawancin jiragen suna ɗauke da tutar ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta. Kamfanin Carnival a Panama aka fara yi masa rajista, Royal Caribbean kuma a Laberiya, duk da cewa hedkwatarsu tana Miami. Tikitin kansa yarjejeniya ce da ke faɗin kotun da za a kai ƙara, kuma tun a 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da sharaɗin Carnival na cewa sai a jihar Florida. Kamfani ma yana iya karyewa. Carnival ya yi hasarar dala miliyan dubu 10.2 a 2020 amma ya tsira da bashi, shi kuwa Crystal Cruises ya durƙushe a farkon 2022, mutanen da suka biya kafin alƙalami suka shiga layin masu bin bashi.

Daga duk wannan, hutun jirgin ruwa ya fi dacewa da mai iyali da ke son hutawa da ganin ƙasashe da yawa a gurguje, wanda harkokinsa za su iya tafiya mako guda ba shi. Bai dace da mai son sanin gari sosai ko mai neman ciniki ba. Wanda ya yanke shawarar tafiya, ya fara da tabbatar da bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ya nemi wakilin tafiye-tafiye ya rubuta masa jimillar kuɗi har da haraji da tukuici, ya sayi inshorar da ta ƙunshi jinya da soke tafiya, sannan ya ware wa kashe-kashen cikin jirgi aƙalla rabin kuɗin tikitinsa, domin lissafin kamfanin kansa ya nuna kusan haka fasinjoji ke kashewa.