Kwamfutarku Ta Yi Nauyi Alhali Ba Ku Buɗe Komai Ba?

Duk wanda ya saba zama a ɗakin kwamfuta na makaranta ya san wannan yanayi. Ba a buɗe wata manhaja ba, amma linzami yana tafiya yana cijewa, sauti yana kakkatsewa kamar tsohon kaset, fankar ciki kuma sai ƙugi take yi. Nan da nan za ka ji an ce "bairos ne", a kai wa mai gyara ya goge komai ya sake ɗora Windows. Kuɗi ya tafi, fayiloli sun tafi, bayan kwana biyu ciwon ya dawo. Ga ɗalibin da ke gwajin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, wannan asarar lokaci ce da ba ta da dalili.

Kafin a zargi bairos, ku danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager zai buɗe, ya nuna abin da ke cin ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan kuka ga wani layi mai suna "System interrupts" a sama yana cin kashi 20 ko 30 cikin ɗari ba ya sauka, kun kama bakin zaren.

Mene ne shi? Ku ɗauki furosesa a matsayin malami yana rubutu a allo. Duk ɗalibin da ke da buƙata sai ya ɗaga hannu, malam ya dakata, ya saurare shi, ya koma kan rubutunsa. Haka kayan kwamfuta suke yi. Kowane harafi da kuka danna a kibod, kowane motsi na linzami, kowane saƙo da ya shigo ta katin intanet, sai an katse wa furosesa hanzari ya kula da shi. Tsarin tsoho ne: kwamfutar IBM ta 1981 tana da layuka takwas na irin wannan kira, layi na 0 na agogon ciki, na 1 kuma na kibod. Katsewar kanta ba laifi ba ce, in babu ita kwamfuta ba za ta san kun taɓa ta ba. A kwamfuta mai lafiya ba ta cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu ba. Matsala tana farawa ne idan aka sami ɗalibi ɗaya da ke ɗaga hannu sau dubbai a daƙiƙa guda ba tare da wata tambaya ba. Malam ba zai gama ko jimla ɗaya ba.

Wannan layi ba manhaja ba ce, lissafi ne kawai na lokacin da furosesa ya ɓata wajen amsa kira, shi ya sa ba a iya rufe shi. Aikinmu shi ne gano mai ɗaga hannun.

Mu kan fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ku bar Task Manager a buɗe, ku cire kayan USB ɗaya bayan ɗaya: filash, firinta, modem, kyamara. Bayan kowane ɗaya ku jira kamar rabin minti ku kalli lambar. A nan mutane suke gaggawa, su fizge komai lokaci guda, lambar ta sauka, amma ba su san wane ne mai laifi ba. Sau da yawa ma ba na'urar ba ce, wayarta ce ta karye daga ciki ko ramin ya cika da ƙurar hunturu.

Idan lambar ta ƙi sauka, sai a koma kan direba, ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da kowace na'ura. Direban da ya tsufa ko wanda bai dace ba shi ne babban abin zargi. Ku shiga Device Manager, ku dakatar da katin intanet ku duba, ku mayar da shi, sannan katin sauti. Wanda dakatar da shi ya sauke lambar, direbansa za a sabunta daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. In kuwa matsalar ta fara ne bayan an sabunta, a mayar da tsohon. Kada ku taɓa kibod, linzami, faifan ajiya ko rukunin kayan tsarin kwamfutar. Kuma in ta makaranta ce, ku nemi izinin malam tukuna. Masu son zurfafawa akwai LatencyMon, wadda ke nuna sunan direban da ya fi riƙe furosesa.

Tsofaffin kwamfutocin da har yanzu ke kan Windows XP suna da nasu hali. Idan faifan ajiya ko faifan CD mai ƙarzuwa ya yawaita kuskure, Windows yakan sauke shi daga tsarin DMA, inda bayanai ke wucewa kai tsaye, zuwa PIO, inda furosesa ne da kansa ke dakon su. Ana iya mayar da shi, amma in ya sake komawa, faifan ne ke sallama. Ku kwashe fayilolinku ranar.

Wasu za su ba ku shawarar sabunta BIOS. Mu dai muna ajiye wannan a ƙarshe, kuma ba ma yin sa sai da UPS, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata. Buɗe akwatin don share ƙura ko sake zaunar da kati kuwa aikin wanda ya iya ne, bayan an zare waya daga soket.