Shehu Ahmadu Lemu, Malamin Da Karatunsa Bai Tsaya A Aji Ba

Duk wanda ya baro gida ya zo Kudu neman abinci ya san akwai ranar da ciki kan ɗuri ruwa, ko wuta ta cinye rumfa, ko rigima ta tashi dare ɗaya, ko kuwa a aiko daga gida cewa an yi rasuwa ga shi babu kuɗin mota. A irin wannan rana ɗan tireda a Agege, da mai shanu a Sabon Badun, da mai kifi a kasuwar Kado ta Abuja duk tambayarsu ɗaya ce, watau ina amfanin haƙuri, kuma ina iyakarsa? Akwai amsa a rayuwar marigayi Shehu Ahmadu Lemu.

An haife shi a garin Lemu cikin ƙasar Nufe a 1929. Ya yi karatu a Makarantar Koyon Larabci ta Kano, sa'an nan ya tafi Jami'ar London a Ingila inda ya sami digiri a fannin Tarihi. Da ya komo aka ba shi shugabancin makarantar da ta yaye shi a Kano, daga can kuma aka kai shi ya shugabanci Kwalejin Horon Malaman Larabci ta Sakkwato.

To, da wani ne sai ya ce aikin ofis ya ishe shi. Amma shi ya lura cewa yaran da ke shiga boko da yawa suna fitowa ba su san addininsu ba, manya kuma a kasuwa da ma'aikatu ba mai bi su da karatu. Saboda haka a 1969, shi da mai ɗakinsa Hajiya A'isha Lemu, Baturiyar Ingila da ta musulunta, da wasu abokan aiki, suka kafa ƙungiyar ilmin Musulunci da ake kira IET, wadda hedkwatarta take Minna. Suka yi ta rubuta littattafai masu sauƙi don 'yan makaranta, suna horar da masu wa'azi. Ita Hajiya A'isha ce ta zama shugaba ta farko ta ƙungiyar mata Musulmi, FOMWAN, a 1985. Ko da aka naɗa shi Alƙalin Alƙalai na Jihar Neja a 1976, muƙamin da ya riƙe har 1991, bai ajiye wannan aiki ba.

Abin da ya fi shafarmu mu mazauna Kudu shi ne cibiyar da'awa ta ƙungiyar, wadda ta daɗe tana koya wa matasa yadda Musulmi zai zauna da wanda ba addininsu ɗaya ba, ya yi ciniki da shi bisa gaskiya, ya kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, ya amsa tambaya ba da faɗa ba. Lalle wanda yake haya a gidan Bayarabe ko yake sari a hannun Ibo ya san wannan karatu ne na yau da kullum.

Babban gwaji ya zo a watan Afrilu na 2011, lokacin da rikici ya ɓarke a jihohin Arewa bayan zaɓen shugaban ƙasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku. Mu da ke nan ba mu manta da yadda muka kwana da ido ɗaya ba, muna tsoron ramuwar gayya. Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗora Shehu Lemu a kan kwamitin bincike, yana da shekara 81. Da suka miƙa rahoto a Abuja cikin Oktoba na wannan shekara, ba su ce ƙaddara ce suka yi shiru ba. Sun nuna talauci da rashin aikin yi, da kuma yadda gwamnatoci suka riƙa jingine rahotannin kwamitocin baya ba tare da hukunta kowa ba.

A nan darasin yake, 'yan'uwa. Mumini ya yarda cewa abin da ya same shi daga Allah ne, wannan shi ke hana shi fid da rai, ya kuma hana shi huce haushinsa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana a bincika wanda ya kunna wuta, ko a nemi diyyar wanda aka ƙona wa rumfa. Haƙuri da neman gyara tafiyarsu ɗaya.

A 2014 aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal saboda hidimar Musulunci. Hajiya A'isha ta rasu a Janairun 2019, shi kuma ya bi ta ranar 24 ga Disamba, 2020, a Minna.

Ya rage ga sarakunan Hausawa da limaman zango su ɗauki wannan aiki, su tara matasa tun ana zaman lafiya, kada a jira sai ƙura ta tashi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa mu koma gida lafiya.