Farashin Ma'aikata Ga Kowa: Wa Ke Cin Moriya A Hayar Sabuwar Mota?

Yau za mu leƙa kasuwar motoci ta Amurka, mu ji yadda wani rangwame da ake kira farashin ma'aikata yake taɓa aljihun mai hayar sabuwar mota.

A ranar 3 ga Afrilun 2025 ne harajin kashi 25 cikin 100 da Shugaba Donald Trump ya ɗora wa motocin da ake shiga da su Amurka ya fara aiki. A ranar ce kamfanin Ford ya shelanta cewa kowa na iya ɗaukar yawancin motocinsa a kan kuɗin da yake sayar wa ma'aikatansa, farashin da ke ƙasa da wanda aka rubuta wa dillali a takardar kaya. Kamfanin Stellantis, mai Jeep da Chrysler, bai yi wata-wata ba ya bi sahu.

Ga mai saye kuɗi hannu, lissafin a fili yake: abin da aka rage shi ne ribarsa. Sai dai kusan ɗaya cikin huɗu na sababbin motocin da ke fita a Amurka hayar dogon zango ake ɗaukar su. Mutum zai karɓi mota dal daga shago, ya riƙa biya duk wata, galibi tsawon wata 36, sannan ya mayar da ita ko ya saye ta. Akan ƙayyade masa tafiyar mil 10,000 zuwa 12,000 a shekara, wato har kimanin kilomita 19,000. Duk mil ɗin da ya ƙetare haka, sai ya biya tara.

To, me mai hayar yake biya? Abu biyu: darajar da motar za ta zubar a hannunsa, da kuma ruwan da mai ba da hayar zai ɗora. Tun ranar sa hannu ake yanke abin da motar za ta kai in an dawo da ita. Wannan ƙiyasi kuwa a kan cikakken farashin da ke manne a gilashin motar ake gina shi, ba ruwansa da cinikin da aka yi.

Mu buga misali. A ce kuɗin mota dala 40,000 ne, aka ƙiyasta cewa bayan shekara uku za ta riƙe kashi 60 cikin 100 na darajarta, wato dala 24,000. Wanda ya karɓe ta babu ragi zai cike giɓin dala 16,000, kimanin dala 444 ke nan duk wata. Wanda ya samu farashin ma'aikata, a ce dala 37,000, giɓinsa ya koma dala 13,000, wato dala 361 a wata. Ragin da bai kai kashi 8 cikin 100 na kuɗin mota ba ya zaftare kusan kashi 19 cikin 100 na wannan ɓangare na kuɗin wata. Shi ya sa masu lissafi ke cewa rangwamen ya fi yi wa mai haya rana.

Ban da wannan, akwai ihsanin da kamfanoni ke yi ta hannun rassansu na ba da bashi, irin su Ford Credit da GM Financial. Wani lokaci su zuba tsabar kuɗi su rage farashin farko. Wani lokaci su sassauta ruwa. Wani lokaci kuma su ɗaga ƙiyasin darajar ƙarshe da gangan don kuɗin wata ya sauko. Akwai tukuicin tsohon abokin ciniki, akwai na wanda ya baro wani kamfani. Ita ma gwamnati ta taɓa sa hannu: ragin haraji na dala 7,500 kan motocin lantarki, wanda masu ba da haya da yawa suka riƙa miƙa wa abokan cinikinsu, har ya ƙare a ranar 30 ga Satumban 2025.

Amma masu sauraro, ba a nan gizo ke saƙa ba. Farashin ma'aikata yankakke ne, dillali ba shi da ikon taɓa shi, sai ya nemi ribarsa ta wata kafa. Ruwan haya ba a rubuta shi kashi cikin ɗari. Wata 'yar lamba ce kamar 0.0025, wadda sai an ninka ta da 2,400 ake gane ruwan kashi 6 cikin 100 ne. Dillali na iya ƙara wannan lamba a kan wadda bankin kamfani ya ba shi, kuma dokar haya ta tarayya ta 1976 ba ta tilasta masa bayyana ruwan kashi cikin ɗari ba. Sannan ba kowane ihsani ake haɗawa da wani ba. Sau da yawa in an ba ka farashin ma'aikata, sai a janye wani ragin da ka cancanta tun farko. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Su ma kamfanonin sun ɗanɗana kuɗarsu. General Motors ne ya yi fice da wannan dabara a watan Yunin 2005, cinikinsa na watan ya tashi da kimanin kashi 41 cikin 100. Ford da Chrysler suka shigo a watan Yuli. Da rangwamen ya ƙare, cinikin General Motors da na Ford ya faɗi da sama da kashi 20 cikin 100 a watan Oktoba, domin masu niyyar saye a gaba sun riga sun saya. Yawan karya farashin sabuwar mota kuma yana jan na tsohuwa ƙasa, kuma mai ba da haya ne ke ɗaukar asarar in mota ta dawo ba ta kai ƙiyasi ba. A 2008, da galan ɗin fetur ya haura dala 4, darajar manyan motoci masu shan mai ta rushe. Ford ya rubuta asarar dala biliyan 2.1 a kan motocin hayarsa, reshen bashi na Chrysler kuwa ya dakatar da ba da haya a watan Agustan shekarar.

Lamarin bai tsaya a Amurka ba. Motocin da aka mayar bayan haya kasuwannin gwanjo ake kai su, kuma Amurka na cikin manyan ƙasashen da ake sauko da motocin hannu daga cikinsu ta tashoshin Legas da Kwatano, su ƙarasa wuraren dillalai a Kano da Kaduna. In haya ta yi yawa a can, bayan shekara uku motocin hannu da ba su yi tafiya da yawa ba kan yawaita a gwanjo.

Ga 'yan uwanmu mazauna Amurka da ke sauraron mu, in dillali ya tambaye ku nawa za ku iya biya a wata, kada ku fara da nan. Ku nemi a rubuta muku abu huɗu: farashin da aka amince, darajar ƙarshe, lambar ruwa, da ihsanin da aka cire. Ku kuma yi hattara da zube kuɗi mai yawa a farko, domin in motar ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa, inshora mai ba da hayar za ta biya, naku kuwa da wuya ya dawo.