Rufewar miki ba ita ce warkewar doki ba

Jama'a masu saurare, na Deule da kewaye da ƴan uwa da ke cirani, yau batun doki ne. Ƙasar Adar duwatsu ce, dokin da ke hawa da gangara tsakanin Buza da Keita bai rasa yankewa a ƙafa, ko mikin sirdi a gadon baya.

Ranar farko, a wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce, lita 1 da ƙaramin cokali 2 na gishiri. Baƙin mai, toka, kashin shanu, duk a bar su. Sannan a nemi ma'aikacin kiwo, ko da sai an je Buza ko Madawa, domin allurar tetanos. Doki na cikin dabbobin da cutar nan ta fi kamawa, kuma in jikinsa ya sandare, da wuya ya tashi.

To, inda muka fi son a ji mu shi ne bayan nan. Fata na iya rufewa cikin makonni kaɗan, mai doki ya ga kamar an gama. Jijiyar ƙafa kuwa jini kaɗan ke kai mata, shi ya sa gyaranta ke cin wata 6, wani lokaci shekara. Sai a ja shi da ragama, tafiya kawai, minti 5 zuwa 10 safe da yamma, a riƙa ƙarawa sannu-sannu. Kowace safiya a shafa ƙafar da hannu. In ta yi zafi ko ta kumbura, an yi gaggawa, a koma baya. Lalas da wasu ke yi bai ɗinke jijiya, ƙuna ce kawai a kan ciwo.

Dokin da ke turke bai bukatar gero kamar mai aiki. A rage hatsi, a ba shi harawa da ciyawa, ruwa kuma kar ya yanke, don a zafin bazara yana iya shan lita 40 ko fiye.

Ku kuma na Abijan da Legas da ke aiko kuɗi kuna cewa lalle a hau shi ranar Salla, mun san kwaɗayin sukuwa. Amma in bai kai ga yin sassarfa ba ɗingishi ba, a ari na maƙwabci bana, kuɗin kuma su tafi ga harawa da magani.